Uwargida, A Bar Yaro Da Karansa: Mu Gina Tsohuwar Tashar Jirgi A Tsakar Gida

   

Duk wadda ta zauna a ƙasar Tudun Wada, ko Doguwa, ko Kiru, ko Bebeji, ta san cewa da zarar kaka ta yi, an girbe dawa da masara, kara ya cika gari, to yara maza sun samu abin yi. Za ki ga yaro ya raɓe a gindin katanga da tsohuwar reza, yana feƙe kara, yana yanka totuwa, yana soka wannan cikin wancan, kafin la'asar ya fito da mota har da ƙofa da tayoyi. Wani da gwangwanin madara yake yi, wani da waya, wani kuma ya yanka tsohon silifa ya yi taya. To mu iyaye mata me muke cewa? Mafi yawanmu faɗa muke yi: ka cika mana gida da shara, ka bar shirmen nan ka je ka yi wani abin kirki. Wata ma sai ta tattara abin da yaro ya wuni yana haɗawa ta cusa a murhu ta hura wuta da shi.

'Yar uwa, ki dubi abin nan da kyau. Yaron da ya kalli mota a titi, ya riƙe siffarta a kansa, ya dawo gida ya fitar da ita daga kara ba tare da wani ya koya masa ba, Allah ya ba shi wata baiwa. In aka yi ta kushe ta, sai ta mutu, yaro ya koma zaman kallon waya ko yawon gari. In kuwa aka ba ta hanya, ita ce take zama kafinta, ko mai walda, ko injiniya, ko mai zanen gini. Shi ya sa a wannan wata na kawo miki shawarar wani aiki da za ki jagoranci yaranki su yi a lokacin hutu, mazansu da matansu: su gina ƙaramin samfurin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, irin ta zamanin jirgi mai hayaƙi, wanda kakanninsu suka gani da idonsu.

Kada ki ɗauka wasan yara ne kawai. A ƙasashen Turai da Amurka manya masu furfura ne suke wannan aiki, suna da ƙungiyoyi da mujallu da wuraren baje koli. A birnin Hambag na Jamus akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda aka shimfiɗa ƙananan layukan dogo da tsawonsu ya haura kilomita 15, mutane suna biyan kuɗi su shiga kallo. A Ingila kuwa, wani malamin ofis mai suna Frank Hornby ya fara ne da yanka ƙarafa yana haɗa wa 'ya'yansa kayan wasa a gida, ya yi wa dabararsa rajista a 1901, daga baya a 1920 kamfaninsa ya fara sayar da ƙananan jiragen ƙasa, har yau ana sayar da su da sunansa. Wanda ya fi burge ni shi ne gidan tarihi na Pendon, a wani ƙauyen Ingila, wanda aka kafa a 1954. Wanda ya assasa shi, Roye England, ya ga tsofaffin gidajen karkara suna ɓacewa, sai ya riƙa auna su yana gina ƙananan kwatankwacinsu tare da layin dogon da ya ratsa yankin, don na baya su ga yadda ƙasar take a shekarun 1920 da 1930. To mu ma muna da abin da yake ɓacewa, kuma ba sai mun sayi komai daga waje ba.

Jirgin da ya ratsa ƙasarmu

Kafin yara su ɗauki reza, su fara sanin labarin abin da za su gina. Turawan mulki sun fara aikin shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, a 1907, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, tafiyar sama da mil 350, har ya iso Kano a 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas. A 1912 aka haɗe shi da layin da ya taso daga Ikko, sai ya zama ana iya ɗaukar kaya daga Kano har bakin teku, tafiyar kimanin mil 700. Wannan layi bai shiga garin Tudun Wada ba, amma ya ratsa ƙasar Kiru, ya tsaya a Dangora, ya wuce Madobi da Chalawa kafin ya shiga Kano. Mutanen Doguwa kuwa maƙwabtansu na ƙasar Lere sun ga wani ƙaramin jirgin, wanda ya tashi daga Zariya ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914 don kwaso kuza. An rufe wannan ƙaramin layi a 1957.

Turawa auduga suka sa rai za su kwasa daga ƙasar Kano, amma manomanmu suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko ba a saya ba ana iya cin ta a gida. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta fara cika tashar Kano, har ta fi ƙarfin taragan da ake da su. Wannan jiran jirgi shi ne asalin dalar gyaɗa da muke gani a tsofaffin hotuna: buhuna ne dubbai aka jera suna jiran a kwashe su zuwa kudu. Ki gaya wa yara cewa babban attajirin wannan ciniki, Alhassan Ɗantata, a Bebeji aka haife shi a 1877, kuma sunan da duniya ta san shi da shi ya samo asali ne daga Tata, matar da ta rene shi. A 1918 ya fara sayen gyaɗa wa kamfanin Neja, ya rasu a 1955. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 su suka karya wannan noma, dalar ta zama labari.

Shi jirgin wancan zamani da kwal yake tafiya, kwal ɗin da aka fara haƙowa a Inugu wajen 1916. In yaro ya tambaye ki yadda yake aiki, ba sai kin je nesa ba, ki nuna masa tukunyar ruwan tuwo lokacin da ta tafasa murfi yana rawa. Ƙarfin nan na tururi da yake ɗaga murfi shi ne yake jan jirgi. Kan jirgin wata doguwar tukunya ce a kwance cike da ruwa, da murhu a bayanta. Mutum biyu ne a ciki, direba da mai zuba kwal da shebur. In ruwa ya tafasa, tururi ya taru, sai a sake shi ya tura wasu sanduna na ƙarfe, su kuma su juya ƙafafun. Saboda yawan shan ruwansa, dole yana jan wani tarago a bayansa mai ɗauke da ruwa da kwal, kuma dole a tanadi manyan tankuna a tashoshi inda zai tsaya ya sha. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara kawo masu amfani da man dizal, a hankali suka ture masu hayaƙi gaba ɗaya.

A fara da zuwa wajen Kaka

Nan ne inda nake so ki fi ba da ƙarfi. Wanda yake ɗan shekara 10 a 1960, ya ji kukan jirgi mai hayaƙi da kunnensa, yau ya haura 70. Waɗannan bayin Allah kullum raguwa suke yi, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake ba. In suka tafi, sun tafi da shi. Don haka aikin farko shi ne ki ba yara littafi da biro, ki tura su wajen kakansu ko kakarsu, ko wani dattijo a dangi da ya taɓa shiga jirgi ko ya kai kaya tasha. Ki koya musu su yi sallama, su durƙusa su gaida shi, su tafi da ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, sannan su yi tambaya cikin ladabi.

Ga irin abin da za su tambaya. Baba, ta wane gefen dogo ginin tasha yake? Rufin kwano ne ko na me? Ina ake sayar da tikiti? Akwai tankin ruwa? Ina ake auna gyaɗa, wa yake riƙe da sikeli? Da jakuna ake kawo kaya ko da raƙuma ko a ka? Su kuma 'yan mata su zauna da Hajiya Kaka su tambaye ta: me ake talla in jirgi ya tsaya? Wa yake ɓare gyaɗar, wa yake yin mai da ƙuli-ƙuli? Ta taɓa shiga jirgi, ina ta je, da wa? Za ki sha mamakin yadda tsohuwar da kullum take shiru a ɗaki za ta buɗe baki da labari, har da na goron da ake saukewa daga kudu, da shanun da ake lodawa. Ko ba a gina komai ba, wannan zama kaɗai riba ce, domin sada zumunci ne, kuma yaro zai gane cewa tsohon nan da yake gani a kan buzu ya san duniya.

In hali ya yi, maigida ko wani babban yaya ya kai su su ga dogo da idonsu, domin gani ya kori ji. Su tsaya daga gefe su zana abin da suka gani. A ja musu kunne sosai: ba a wasa a kan dogo, ba a ɗora dutse a kai, kuma ba a ɗauko ko ƙusa ɗaya, domin dukiyar al'umma ce, cire ta sata ce, kuma tana iya jawo asarar rayuka.

Awo kafin yanka

Bambancin motar kara ta yau da kullum da wannan aiki shi ne awo. Masu wannan sana'a a waje kowa yana da ma'aunin da yake bi, wanda ya fi yaɗuwa shi ne a rage komai sau 87. Mu sai mu ɗauki mai sauƙin lissafi, mu rage sau 50. Ma'ana, duk abin da yake mita 1 a zahiri, a samfurinmu santimita 2 ne. Ƙofa mai tsawon mita 2 za ta zama santimita 4. Ɗaki mai tsawon mita 10 zai zama santimita 20. Faɗin tsohon dogonmu, tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ƙafa 3 ne da inci 6, wato mita 1 da 'yan kai, don haka a wajenmu santimita 2 ne da ɗan ɗoriya. Sabon dogo irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fi wannan faɗi, yana kusa da mita 1 da rabi.

Ki ba su rula ko tef ɗinki na ɗinki, ki bar su su yi lissafin da kansu. Yaron da yake gudun darasin rabawa a makaranta, in ya ga cewa sai ya raba da 50 kafin ƙofarsa ta dace da ɗakinsa, da kansa zai zauna ya yi. Kuma ki kafa musu doka ɗaya: duk abin da bai bi awo ba, ba ya hawa kan allo, ko da ya yi kyau.

Kayan aiki duk suna gidanki

A nemi tsohon ƙyaure ko falanki mai tsawon kamar mita 2, shi ne filin tasha, kuma a awonmu ya tsaya a matsayin mita 100. Amfanin yi a kan katako shi ne ana iya ɗaga shi a jingine a zaure ko a rumfa in za a yi shara, kaji da awaki ma ba za su taka ba. A shafe shi da jar ƙasa da aka kwaɓa da ɗan ruwan ƙaro ko kokon sitaci don ta kama, a bar ta ta bushe.

Daga nan sai dogo. A ja layi biyu da fensir bisa awo. A yanka ɓawon kara gajere-gajere, kamar santimita 4, a jera su a gicciye a matsayin abin da dogo yake kwanciya a kai, sannan a ɗora miƙaƙƙiyar waya ko dogon tsinke guda biyu a bisansu, a barbaɗa rairayi mai tsakuwa-tsakuwa a tsakani. Ga wani abu da yara za su so sani: tsohon layinmu guda ɗaya ne, jirgin da ya taso daga Kano da wanda ya taso daga Zariya a kansa duk suke tafiya. Don haka a tasha ake raba dogo biyu, ɗaya ya raɓe ya jira ɗaya ya wuce. To su ma su raba nasu biyu a gaban ginin tasha, su sake haɗe shi a gaba.

Ginin tasha da kwali za a yi shi, ko da yumɓu in akwai mai haƙurin jira ya bushe. In aka ɓare fatar kwalin taliya ko na sabulu, za a ga wani lanƙwashe-lanƙwashe a ciki, wannan shi ne rufin kwano ba sai an wahala ba. Farar ƙasa ta yi fentin bango. Ƙaramin gwangwanin tumatir a kan ƙafafu huɗu na kara ya zama tankin ruwa. Kan jirgi kuwa, gwangwanin madara a kwance shi ne tukunya, guntun sillen kara ya zama bututun hayaƙi, kwalin ashana ya zama ɗakin direba, murafun kwalba su zama ƙafafu. A shafe shi da garin gawayi da aka dama da ƙaro, a ɗan yaɗa auduga a bakin bututu ta zama hayaƙi. Taragai a yi wasu a rufe na kaya, wasu da tagogi na fasinja, a haɗa su da 'yar lanƙwasasshiyar waya.

'Yan mata ba 'yan kallo ba ne a nan. Su ma su auna, su yanka, su liƙa. Sannan ga aikin allura: su ɗinka ƙananan buhuna da ƙyallen tsohon buhu, su cika su da rairayi, a jera su a yi 'yar dala. Su yi rumfunan kasuwa da tsinken tsintsiya, su yi farantan talla da murfin kwalba, su yi bishiyar kuka da ta ɗorawa da busassun rassa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa a ba shi ɓangarensa, har ƙaramin cikinsu a ba shi tankaɗe rairayi.

Na san wata za ta tambaya game da hukuncin siffanta abubuwa. Jirgi da gini da bishiya ba su da rai, babu damuwa a kansu. Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne siffar mutum da dabba, kuma da yawansu sun yi rangwame ga kayan wasan yara, saboda ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba, ta bar tashar ba mutane, ko a tsaya a kan guntun kara da aka naɗa wa ƙyalle ba fuska. Aikin ba zai ragu da komai ba.

A kiyaye waɗannan

Reza da bakin gwangwani suna yanka. Babba ne zai yanka gwangwani, ya kuma lanƙwashe bakinsa, kuma a guji mai tsatsa. In yaro ya yanke da ƙarfe mai tsatsa, a wanke da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti saboda cutar sandarewar jiki, kada a tsaya shafa toka ko ƙasa. A kawar da murafun kwalba da guntayen waya daga inda mai rarrafe zai kai hannu. Kada a yarda wani ya ce zai kunna wuta a cikin jirgi don ya ga hayaƙin gaske, domin kara da kwali ba sa wasa da wuta, balle lokacin hunturu. A sa wa aikin lokaci, kamar bayan an dawo daga Islamiyya, in an kira salla a ajiye komai, in an tashi kuma kowa ya share inda ya ɓata.

Sai kuma ke kanki, uwargida. Za su yi kuskure, bango zai karkace, tarago zai ƙi zama a kan dogo, wani zai yi fushi ya ce ya fasa. Kada ki karɓe aikin ki yi musu, kada kuma ki yi musu dariya. Ki tambaye shi: a ina kake ganin awon ya kuɓuce? Ki bar shi ya gano, ya warware, ya sake. Yaron da ya saba da sake aiki har sai ya yi daidai, ya samu abin da zai amfane shi a kowace sana'a, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranar da aka gama, a aika a ɗauko Kaka, a shimfiɗa masa tabarma a gaban allon, a ce ya duba. Zai ce tankin nan ba nan yake ba, can yake, sikeli kuma a gindin bishiya ake kafa shi. Yara su gyara yadda ya ce. A rubuta a jikin katakon sunan tashar, da sunan wanda ya ba da labari, da shekarar da aka gina, a ɗauki hoto a ajiye. An ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kaduna zuwa Kano a 2021, haka ma na Kano zuwa Maraɗi, kuma duk inda aka shimfiɗa dogo ana buƙatar masu tuƙi da masu gyara da masu zane. Ba mamaki cikin masu feƙe karan nan na tsakar gidanki akwai ɗaya daga cikinsu.

Wadda ta gwada da yaranta, ta rubuto mana yadda ta kaya, da irin labarin da aka samo daga bakin tsofaffi, za mu so mu buga don sauran 'yan uwa su amfana. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa musu albarka a hannuwansu, ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.